Tsatsar Yaya Dauda

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Yaya Dauda, kuma har yau in aka tambaye ni aikin da yake yi a jami'a can Naraguta, sai in ce kiwon tsatsa. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa iyakar gaskiyata ke nan. Shi da bakinsa ya faɗa min haka.

Ni ƙanwarsa ce, tela, ban san komai a kimiyya ba, sai dai Allah ya yi ni da shegen son tambaya. Yakan yanka jan ƙarfe faɗin akwatin ashana, ya wanke tas, ya gasa a murhun lantarki har wata jar fata ta fito a kai, wadda ɓawon albasa ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ya ce iska ce ke haɗuwa da ƙarfen in ya yi zafi, kamar dai tsatsar kwanon rufi, amma tasa mai tarbiyya ce: in rana ta haska ta, tana ba da 'yar wutar lantarki. Na tambaye shi guda nawa zai tara kafin su ja min keken ɗinki. Ya ce in ci gaba da takawa da ƙafa tukuna.

Aikin akwai cin rai. Da an ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, wannan ya tashi aiki. Ya fi shekara yana tara masu kyau, su ne ƙashin bayan digirinsa na uku. Da aka shiga yajin aiki aka rufe ɗakin gwaji, sai ya kawo su gida Anguwan Rukuba cikin gwangwanin biskit, naɗe a auduga, ya ɗora kan kabad a ɗakin Mama, tunda can yara ba sa shiga. Yaran ya tuna, ya manta Kirsimeti ta matso. Wanda ya san Mama kuwa ya san a makon nan ba tukunya ba cokalin da ke tsira daga toka da yashi.

Ina wurin ya dawo ya tarar da su jere a tire, suna ta sheƙi a rana. Mama tana faɗa, wai malami guda ya bar kayan aikinsa sun dafe haka, ko kunya ba ya ji. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ajiye.

"Sannu da aiki, Mama. Na gode."

A wani lungun gidan na same shi yana share hawaye. Garin neman gira an rasa ido. Ya sa na yi masa alkawari Mama ba za ta taɓa ji ba. Ya sake farawa daga tushe, ciwon ƙoda ya riga shi, ya tafi bai gama ba. Wannan kam har gobe yana ci min rai.

Yau in ka bi ta Kwararafa, kusan kowane layi sai ka ga sola a kan rufi, har shagona akwai. Nakan tsaya in ce ko me Yaya zai ce. Zai ji haushi an riga shi ne, ko daɗi? Ina zaton tsani zai nema ya hau, ya hana mai gida sakat da tambayar wace irin fata ce a ciki.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yarsa Rifkatu karatun nan take yi yanzu. Da ta zo hutun Ista, Mama ta ce ta gaya mata wai me babanta yake yi ne takamaimai. Yarinya ba ta san labarin ba, ta shiga bayani da murna, cewa dafewar nan ita ce aikin, ko yatsa ya taɓa ya lalace, balle a goge. Na taka mata ƙafa, amma bakin alƙalami ya bushe. Mama ta ajiye kofinta, ta juyo gare ni.

"Hannatu, ashe ba datti ba ne?"

Na kasa yi mata ƙarya. Ta tambayi aikin tsawon wane lokaci ne, na faɗa mata. Ta sunkuyar da kai har na tsorata, ga tsufa ga hawan jini.

A nan ne na auna abin da Yaya ya bari. Ba digiri, ba ko guntun ƙarfe ɗaya, sunansa ba ya jikin solar kowa. Amma tsohuwar nan ta yi shekaru tana bugun ƙirji a gaban matan zumunta na coci, ita ce ta gyara wa ɗanta kayan aiki kafin ya rasu, kuma da wannan ta riƙa rarrashin kanta. Yaya ne ya bar mata wannan, ya san kuma abin da ya rasa.

Can ta ɗago, ta goge fuska da bakin zane, ta dube ni.

"Kuma ya ce min na gode."