Numfashin Yaya Sabo a Cikin Fiyano

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, mai gyaran rediyo a Kazaure, amma har yau ban iya wuce ɗakinsa ba tare da na kasa kunne ba.

Abin da ya bar mini tsohuwar fiyano ce ta lantarki, irin ta da, mai maɓallan murɗawa birjik. Da ita yake yi wa mawaƙan biki kiɗa, daga Babura har Gwiwa. A gefenta akwai wata 'yar jar fitila mai ƙiftawa a hankali, kuma a kanta ya fi damuna da bayani. Ya ce a bayan fitilar akwai wani sashe da ba ya fitar da sauti ko kaɗan, don kaɗawarsa ta yi jinkirin da kunne ba zai kama ba. Wata 'yar ma'ajiyar wuta ce a ciki, wadda masu gyara ke kira kwandansa, take cika da wuta ta wata matsattsiyar hanya, in ta cika ta juye, ta sake farawa, kamar tulu a bakin famfo. Wannan cika da juyewa shi ke ɗaga muryar fiyano yana sauke ta. In ka matse hanyar, sai ta yi nawa. In ka buɗe, ta yi sauri.

Shi kuwa ba ya saita ta da lissafi. Hannu yake ɗorawa a ƙirjinsa, yana murɗa maɓallin da ke matse hanyar ko buɗe ta har sautin ya daidaita da numfashinsa. Wai kiɗan da ba ya numfashi kamar mutum gajiyar da kunne yake yi. Na sha yi masa dariya a kan haka. Yau da samari ke haɗa kiɗa a waya, na san da yana raye da ya karɓa ya saurara, sannan ya tambaye su ina ƙirjin abin yake.

Tun da ciwon ƙirji ya ɗauke shi ban taɓa maɓallin nan ba. Duk shekara nakan kunna, in zauna in ji shi yana numfashi a natse. Sai dai na lura yana ƙara nawa, har na fara tsoron wata rana zai tsaya cak, in rasa shi karo na biyu.

Bana na kira Malam Haruna, abokin sana'arsa daga Roni. Ya buɗe ya duba, ya ce kwandansar ce ta tsufa tana yoyo, shi ya sa take daɗewa kafin ta cika. In aka sa sabuwa, tunda ba a taɓa maɓallin ba, za ta koma daidai yadda Sabo ya bar ta. Na amince da murna.

Da ya kunna, fitilar ta shiga ƙiftawa da sauri, sautin yana hawa yana sauka kamar na wanda ya hau dutse da gudu. Na ce ai an yi kuskure.

Malam Haruna ya sunkuyar da kai. "Babu kuskure, ƙanina. Haka yake numfashi a ƙarshe. Ɓoye muku yake yi."

Ashe natsuwar da nake sauraro duk shekarun nan ta tsohuwar kwandansa ce. Ya tambaye ni ko ya mayar da ita, na ce a'a. Wannan ya fi ciwo, amma shi ne na Yaya. Allah Ya ba shi hutun da ƙirjinsa bai samu ba.