Kujerar Baya

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Ina tsakar gida ina tsince zoɓo a faifai sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗanmu ne daga Abuja. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, a nan ma ba zan kama ba. Ya ce, "Inna, likitan Alƙahira ya amsa, biza ma ta fito. Nan da sati uku za mu tafi da Baba, har da ke."

Na ce Allah ya yi albarka. Na ajiye wayar na ci gaba da aikina, sai daga baya na lura ina zubar da zoɓon mai kyau ina tara tsinkayen.

Malam, maigidana, yana ƙofar gida a gindin darbejiya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙin motar haya tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci ya leƙa Gagarawa idan lodi ya kai shi. A shekarar nan ciwon ciki ya zaunar da shi, ya miƙa wa ƙanensa makulli. Tun daga nan aikinsa ranar Alhamis shi ne ya zauna ya saurari motocin da ke wucewa kasuwa, yana faɗin ta wane ce da abin da ke damunta, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da na gaya masa, sai ya ce, "Jirgin mutum nawa yake ɗauka?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To in bai cika ba fa? Zama za mu yi mu jira?"

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don shi ne dalilin wannan rubutu. Ranar da aka ɗauko ni amarya daga Ɗanzomo, Malam da kansa ya tuƙa motar. Bai yarda da hannun kowa ba a kan yashin hanyar nan. Ya ja hula ya rufe goshi wai don kada a gane shi, gwaggonnina kuwa tun daga ƙofar gidanmu suke yi masa faɗan rashin kunya har muka shiga Gumel. Ni ina baya cikin mayafi, abin da nake iya gani ta ƙasan mayafin ƙeyarsa ce kawai. Daga ranar har muka tsufa haka abin ya kasance. Asibiti, biki, ta'aziyya, shi yana gaba, ni ina baya tsakanin wata mai goyo da wani mai kaji. Na san ƙeyarsa kamar tafin hannuna. Ban taɓa zama kusa da shi a mota ba, kafaɗa da kafaɗa, wani yana jan mu. Ba babban abu ba ne, shi ya sa ban taɓa faɗa ba. Amma da na ji za mu ƙasar da ba shi da mota, ba shi da tasha, ba wanda ya san shi direba ne, sai na ce a raina wannan karon dole ya zauna a baya.

Yaron ya ce tunda mahaifinsa bai taɓa hutawa ba, a babban otal za mu sauka, irin na manyan mutane. Ya turo hotunan otal guda uku ta waya mu zaɓa. Muka zauna a tabarma bayan la'asar, Malam ya sa tabarau. Na farko yana bakin kogi, da fitilu da kujeru a waje. Na biyu yana jikin asibitin. Na uku dogo ne, gilashi tun daga ƙasa har sama.

Malam bai kalli gado ko ɗaya ba. Ya sa na kira yaron a waya, sannan ya ce masa, "Wanne ne kusa da tasha?"

"Baba, wace tasha? Mota za su turo ta ɗauke mu daga filin jirgi."

"Nawa?"

"Yana cikin kuɗin ɗaki."

"Babu abin da ke cikin kuɗin ɗaki, yaro. Sun ɗora maka ne ba ka gani ba. To daga filin jirgin, wanne ya fi nisa?"

Yaron ya ce na bakin kogi, in da cunkoso a yi awa guda a hanya. Malam ya ce shi yake so, don ya ga yadda mutanen ƙasar suke tuƙi. Yaron ya ce a tambayi Inna. Ni kuwa na riga na auna awa guda a kujerar baya, na ce ai na bakin kogin ya fi iska. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yau 'yar Ɗanzomo ta yarda da maganata ba gardama. Allah ya sa lafiya."

Kafin mu tashi na ja yaron gefe na ce, idan motar ta zo, ya yi sauri ya shige gaba. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce to.

Da hantsi muka sauka. Muna fitowa da kaya sai ga wani mutum cikin baƙar kwat, ya ɗaga farin kwali da sunan Malam a jiki. Malam ya tsaya ya karanta sunan sau biyu, ya gyara hularsa. Na ga abin ya yi masa daɗi. Kafin mu isa wurin mai kwalin, direbobin tasi suka yanyame mu, kowa yana jan akwati yana magana da Larabci. Yaron yana ta ba su haƙuri yana cewa muna da mota. Da na waiga ban ga Malam ba. Can na hango shi ya dafa motar wani mai gashin baki, suna ciniki da yatsu.

Larabcin Malam na sallah ne, sai ɗan Faransancin da ya tsinta a bakin iyaka. Amma ciniki bai gagare shi ba. Mai gashin baki ya ɗaga yatsu, Malam ya kama hannun ya lanƙwashe biyu. Mutumin ya dafa ƙirji ya kalli sama. Malam ya juya kamar zai tafi, mutumin ya riƙo rigarsa. Ya nuna masa wata mita da ke gaban motar mai ƙirga kuɗi da kanta, Malam ya girgiza kai, ya ce da Hausa shi ba ya ciniki da abin da ba ya jin rantsuwa. Har suka sauko rabin abin da aka fara faɗa, suka tafa. Mutumin ya buɗe but zai sa kaya. Malam ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya juyo wurinmu.

Ban san me mai gashin bakin ya faɗa ba, amma yaron ya ce gara da ba mu ji ba.

Ya ce, "Baba, me ya sa ka yi haka? Ka san muna da mota."

Malam ya ce, "Direba ya shiga tashar wasu bai tambayi kuɗin mota ba? In na koma Gumel aka tambaye ni, in ce me?"

Motar otal doguwa ce, baƙa, kujeru layi uku, ciki sanyi kamar randa. Mai kwat ya buɗe ƙofar baya ya ɗan rusuna. Yaron ya nufi gaba kamar yadda muka shirya. Malam ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ya leƙa ciki ya ƙirga kujeru.

Ya ce, "Mu uku kawai?"

"Mu uku, Baba. Tamu ce mu kaɗai."

"Wannan a tasharmu mutum tara take ɗauka da buhun riɗi biyu. Haka za ta tafi fayau? Ai alhaki ne."

A cikin jirgi mun gaisa da wata dattijuwa 'yar Damagaram da 'yarta, su ma asibiti ya kawo su. A lokacin suna tsaye gefe, masu tasi sun sa su a tsakiya, wanda zai tare su bai zo ba. Malam ya ɗaga hannu ya kira su kamar yadda ake kiran fasinja, ya ce, "Hajiya, ku taho, saura mutum biyu." Yaron ya rufe fuska da tafin hannu. Ya yi ta yi wa mai kwat bayani, mai kwat ya kira otal a waya, aka daɗe ana magana, daga ƙarshe ya ɗaga kafaɗa ya buɗe but. Cikin wannan hidimar ta sa kaya da gyara wuri, Malam ya tura yaron can layin ƙarshe wajen akwatuna, ya sa ni a tsakiyar matan biyu, ya buga saman motar sau biyu da tafin hannu ya ce, "Ta cika, mu je." Sannan ya buɗe gidan gaba ya zauna.

Awa ɗaya da rabi muka yi, don sai da muka kai matan masaukinsu. Gadoji a kan gadoji, motoci kamar za su hau juna, kowa yana danna hon. Ni dai ƙeyar nan nake kallo. Ta rame, hular ta yi mata yawa. Duk lokacin da wata mota ta yanko gabanmu, sai in ga kafaɗarsa ta motsa, ƙafarsa tana taka burkin da babu shi. Yana yi wa mai kwat bayani da Hausa yadda ake shiga kwana, mai kwat yana amsawa da Larabci, kuma kamar suna fahimtar juna. Dattijuwar Damagaram ta raɗa mini cewa na yi dacen miji. Na ce mata haka ne.

Ɗakinmu yana hawa na goma sha ɗaya. Gadon ya isa mutum biyar, tawul kuwa an naɗe su kamar za a kai lefe. Yaron ya buɗe labule don mu ga kogi. Malam ya ja kujera zuwa ɗaya tagar, wadda ke kallon shataletale, nan ya yi zamansa duk kwanakin da muka yi. A nan ne, washegari bayan azahar, na gaya masa maganar kujerar baya. Na faɗa a taƙaice, ina ninke kaya, ban kalle shi ba.

Ya yi dariya har sai da ciwon ya tsayar da shi. Ya ce, "Shekara talatin da huɗu kina riƙe da wannan, 'yar Ɗanzomo? Ai da kin faɗa."

Na ce, "Da na faɗa, wa zai tuƙa?"

Can ya ce, "Gobe in za mu asibiti, a baya zan zauna."

Ya cika alkawari, iyakar iyawarsa. Yaron ya shiga gaba, Malam ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Muka fita daga ƙofar otal lafiya. A shataletalen farko wata bas ta matso mu, sai na ga ya zame gaba, ya cusa kai tsakanin kujeru biyun, hannu ɗaya a kafaɗar direba. Haka muka isa asibiti, jikinsa a baya, kansa a gaba.

Da muka sauka na ce, "Malam, wannan ba zama ba ne."

Ya ce, "Na sani. Hanyar ce ba ta da kyau. Ki bari mu koma gida, in ɗauki shata, Gumel zuwa Maigatari, ranar da ba kasuwa. Mu biyu a baya, ba fasinja ko ɗaya. Hanyar da na sani ba sai na duba ba."

Abin da likitan ya faɗa a ranar, yaron ne ya ji shi da Turanci, ni a fuskarsa na karanta. Aka ba mu magunguna da yawa, aka ce mu koma gida ya huta. Daga nan ban ƙara tayar da maganar kujera ba. Ranar komawa filin jirgi ya zauna a gaba, don shi da mai kwat sun zama abokai, har ya ba shi goro.

A Kano ƙanensa ya zo tarar mu da tsohuwar motar. Ya buɗe wa yayansa gidan gaba. Malam ya tsaya riƙe da ƙofar, ya waigo ya dube ni. Sai injin ya yi wani ƙara, ya karkata kai ya saurara, ya ce wa ƙanen, "Tun yaushe take wannan kukan?" Ya shiga gaba. Kafin mu kai Gumel ya gano abin da ke damunta, kuma ya ba ƙanen labarin kuɗin tasin Alƙahira da yadda ya sauko da shi rabi.

Sau biyu ya ƙara ambaton shatar. Na farko ya ce sai an gyara motar. Na biyu ya ce sai ya ɗan ji ƙarfi, don ba ya so a ce an ɗauko shi ne. Bayan an gama girbin gero ya rasu, a ɗakinsa, da rana.

Motar tana nan tana lodin Maigatari. Idan zan je Ɗanzomo ko wata unguwa, direbobin tasha ba sa bari in shiga baya. Gidan gaba suke buɗe mini, ni kaɗai, saboda shi. Ina shiga in yi godiya.

Shatar nan dai ba mu ɗauka ba.