Ranar da Agogona Ya Sa Gari Ya Sha Ruwa da Rana

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina dakonsa ni kaɗai. Lokacin da abin ya faru ina matashi, ban daɗe da aure ba, ina noman gero da dawa a gonar gidanmu a Ƙofa, cikin ƙasar Kusada. Zamanin Turawa ne, yaƙi bai jima da ƙarewa ba. Ni kuwa a lokacin Allah ya zuba mini son a sani, ga karambani. Wana da ya dawo daga soja ya yi mini tsarabar agogon aljihu mai sarƙa, kuma duk unguwarmu babu mai irinsa. Ko ba a tambaye ni ba sai in zaro shi, in gyara murya, in sanar da jama'a ƙarfe nawa. Mutanen da suka saba auna lokacinsu da inuwar bango sai dai su ce mini sannu da ƙoƙari. Duk ranar kasuwa nakan taka har Kankiya, in tsaya a bakin wani kanti mai agogon bango, in daidaita nawa da shi, in dawo gida ina jin kaina kamar na yi aikin hajji.

Wata ɗabi'a kuma da na ɗaurawa kaina ita ce buɗe bayan agogon da tsinin wuƙa, in zauna a zaure ina kallon 'yan ƙarafan cikinsa suna motsi. Ran nan na ga ƙura ta shiga, sai dabara ta zo mini cewa ai duk abin da ke juyawa yana son mai. Na samo gashin kaza, na tsoma a man gyaɗan matata, na shafe cikin agogon tas. Tun daga ranar ya fara gardama. Sai ya yi ta tafiya lafiya lau, can kuma ya tsaya cak sai na girgiza shi. Ban gaya wa kowa ba, domin na riga na cika gari da baki cewa agogona ba ya kuskure.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ladanin masallacinmu dattijo ne, abokin mahaifina, tun kafin a haife ni shi ke kiran salla, Baba nake ce masa. Ana gobe za a fara azumi ya ja ni gefe, ya gaya mini abin da yake ɓoye wa kowa: idonsa ya fara yana, in akwai hadari ba ya iya rabe faɗuwar rana da duhun gajimare. Ya ce kiran sallar nan shi kaɗai ya rage masa a duniya, in aka karɓe ba shi da abin tashi dominsa. Ya roƙe ni in riƙa tsayawa kusa da shi a tudun bayan masallaci, inda yake duban rana, in lokaci ya yi in taɓa masa hannu. A nan ya kamata in faɗa masa halin da agogon ke ciki. Amma kaina ya kumbura, dattijo guda yana neman taimakona, sai na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Kwanakin farko sararin sama garau, ina ganin rana da idona, agogo kuwa ado ne kawai. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Aikin gona ya hana ni zuwa Kankiya, kullum ina cikin noma ina kai hannu aljihu, ina kara shi a kunne in ji ko yana nan da rai. Duk sanda na ga hadari ya taso daga gabas sai in yi ta addu'a ya watse kafin yamma, ni da nake manomi, alhali kowa na roƙon ruwa.

Ranar da abin ya faru, tun azahar gari ya rufe, babu rana babu alamarta. Na dawo daga gona a galabaice, na yi la'asar, na ɗan kishingiɗa. Da na farka na zaro agogo sai na tarar ya tsaya, ban kuma san tun yaushe ba. Na girgiza shi ya tashi. Na leƙa waje na ga gari ya yi duhu, sai na murɗa hannun agogon na kai shi inda nake zato. Yau in na tuna, na san ƙishirwata ce ta yi wannan lissafi. Na je tudu, Baba na tsaye yana fuskantar yamma. Da agogo ya nuna lokacin magariba, na taɓa hannun Baba. Ya tambaye ni a hankali ko na tabbata, domin jikinsa bai ba shi ba, ko kaji bai ji sun shige akurki ba. Zuciyata na cewa faɗa masa, bakina ya ce na tabbata.

Ya kira salla. Gari ya ɗauki ƙarar ludayi da ƙwarya, kowa ya kai kunu baki. Mun yi sahu, mun idar da magariba ke nan ana addu'a, sai gajimare ya tsage ta yamma, ga rana ja wur a saman dawa, da sauranta kamar tsawon mashi. Nan take salati ya ɓarke ta ko'ina, har daga cikin gidaje ana jin na mata. Ni dai ina jira a juyo kaina.

Ba wanda ya juyo. Liman ya ce duk wanda ya sha sai ya rama kwana ɗaya bayan salla, sannan ya tambayi Baba yadda aka yi. Dattijon nan ya miƙe a gaban kowa ya ce idonsa ne ya mutu, ya daɗe yana ɓoyewa, laifinsa ne shi kaɗai. Bai ambaci sunana ba, bai ambaci agogo ba. Washegari aka ba wani mutum kiran salla. Na ji da kunnena ana cewa tsoho ya cuci gari saboda son girma, ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa.

Sauran azumin nan ban san daɗinsa ba. Kullum in ce yau zan je wurin liman, in na kai ƙofar sai in wuce. In na ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa sai in ɗauka da ni ake yi. Baba ya daina zama a sahun gaba, daga baya ma ya daina fitowa. Da kaka ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni. Na tafi da niyyar in faɗa masa komai, har na tsara maganar a hanya. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna, ya ce shi ne ya ja ni cikin ɓoye-ɓoyensa, ya ɗora wa yaro nauyin da ba nasa ba, don Allah in yafe masa kafin ya tafi. Malam Edita, na ce masa na yafe. Abin da na iya faɗa ke nan. Kwana uku bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Azumin kwana ɗaya kowa ya rama nasa tun a shekarar, amma abin da na yi wa wannan bawan Allah ban ga ranar rama shi ba. Na sha ɗora wa man gyaɗa laifi, alhali kuwa kalma uku ce ta gagare ni: ban sani ba. Ina kira ga masu karatu, musamman matasa masu son sabon abin hannu, duk wanda aka dogara da shi kan abin da ba shi da tabbas, ya faɗi gaskiya tun mai tambaya na tsaye a gabansa. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce. Ga shi na tsufa, duk magaribar da na ji an kira salla sai gabana ya faɗi, kuma wanda zan nemi gafararsa ba ya nan.