Harawar Kyalla

Wata Talata ce cikin bazara, shekarar da nake famfara, na durƙusa a tsakar gidanmu na Tudun Wada riƙe da ƙahon Kyalla, akuyarmu, kakata Iya kuma ta kanga bakin ƙanena Ɗanlami a hantsarta. Ya ja, ya ja, ya saki, ya yi irin kukan nan da babu ƙarfi a cikinsa. Iya ta matsa hantsar da yatsu, abin da ya fito bai jiƙa gindin ludayi ba. Ta shafa kan yaron ta ji maɗigarsa ta faɗa. Sai ta yafa zane, ta ce mini, "Hanne, tashi, Hanwa za mu."

Innarmu ta kwanta zazzaɓi bayan haihuwarsa, nononta ya ƙafe, ga shi babu mai goyo a maƙwabta. Allah ya sa Kyalla ta haihu a tsakanin, sai Iya ta raba hantsar biyu, gefe guda na ɗan akuya, gefe guda na Ɗanlami, kullum ta wanke da ruwan ɗumi kafin ta ba shi. Haka ya yi ta murmurewa har rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, Kyalla ta koma cin tsumma da ɓawon rake. Mu kuwa ba mu da gona ko kunya ɗaya. Baba lebura ne a tashar jirgi, ɗaukar buhunan gyaɗa da auduga yake yi, a zamanin da Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidajen baƙi irinmu ba.

Amma muna da juji. Aikina ne kowace safiya, kafin na fita 'yar gala-gala, na share turken awaki, na kwashe tokar murhu da kashin kaji da ƙaiƙayi, na kai can bayan danga, nesa da rijiya, don Iya ba ta yarda ruwan juji ya gangara inda muke sha ba. Idan rani ya yi, Malam Tanko, wani manomi a Hanwa, ya zo da jakinsa ya yi ta jida a mangala. Ko anini Iya ba ta karɓa. Baba yakan tsokane ta, "Iya, kina tattalin kashin awaki kamar zinariya, ki kuma bayar kyauta!" Ita kuwa ta ce, "Ba kyauta ba ce, aike ne, zai dawo."

Muka isa Hanwa rana ta take. Muka tarar da Malam Tanko yana sassabe, ga harawar wake a cokalin wata ɗorawa, ragowar dami kaɗan. A bazara harawa ba abar da ake bayarwa ba ce. Da Iya ta faɗi abin da ya kawo mu, ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, wallahi ta jakin nan ce, shi ma duk ƙasusuwa." Iya ta dubi jakin ta ce, "To tambaye shi. Ai a bayansa takin ya zo, ya san gidan da waken nan ya fito." Malam Tanko ya yi dariya har ya dafa gatarinsa. Ya hau ɗorawar ya sauko da rabin abin da ke kai, ya ƙara mana da kowa, wato ɓawon wake, ya ɗora wa jakin ya rako mu har gida.

Daga ranar nan aka tsare Kyalla a turke. Harawa da safe, dussa da ƙasari da yamma, da 'yar kanwa. Kafin mako ya kewayo hantsa ta cika, Ɗanlami ya sha har yana gyatsa, maɗigarsa ta taso. Baba bai sake tsokanar Iya kan juji ba. Ranar hutunsa ma shi yake karɓe tsintsiya daga hannuna. Ɗanlami ya girma kakkaura, yaran unguwa suna ce masa ɗan Kyalla, idan ya hau katanga a ce gado ne. Har ya yi furfura bai yarda ya ci naman akuya ba, wai 'yan'uwansa ne.

Yanzu gonar Malam Tanko gidaje ne, ɗorawar ma ban gane inda take ba. Taki a buhu ake sayensa, madarar jarirai a gwangwani, awakin unguwa kuma suna yawo a bakin kwata suna cin leda, babu uwar da za ta kai ɗanta ga hantsarsu. Ni dai har yau ina da 'yan awaki biyu da jujina a bayan gida, jikokina suna toshe hanci idan sun wuce. Nakan bar su, don ba su ga yadda abin da muka share da safe ya dawo ya raya mana yaro ba.