Gwangwanin Baƙin Mai da Kunyar Surukina

Na yi tuƙi tun gashina yana baƙi har furfura ta cinye kaina, kuma yawancin tafiye-tafiyen sun cakuɗe mini, ba na iya bambanta wata da wata. Amma akwai wata tafiya daga Birnin Gwari zuwa Kaduna wadda ba na jin za ta fita daga raina har a sa ni a ƙasa. Abin da ya jawo ta kuwa wani ɗan gwangwani ne da bai fi kofin shayi girma ba.

A lokacin ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya. Injinta ya gaji. Tururin baƙin mai yana fitowa ta tiyon da ke saman injin, ya bi ta inda injin yake shaƙar iska, ya jiƙe matatar iska, ya ɓata filogi. Kullum ina cikin kwancewa da gogewa. Wani direba a tasha ya nuna mini dabarar da ya yi wa tasa. Gwangwani ake ɗaurawa a tsakiyar tiyon: tururi ya shiga ta baki ɗaya, man ya kwanta a ƙasa, iska ta fita ta ɗaya bakin ta koma injin. In ya tara da yawa a zubar. Na ce wannan ai ba wani aiki ba ne.

Mijin 'yata ta fari bakanike ne, yana da gareji a bakin hanya. Mai karatu ya san yadda muke da mijin 'yar fari. Tun da ya auri yarinyar nan bai taɓa cin abinci a gabana ba. In ya hango ni sai ya cire takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Surukarsa kuwa, wato mai ɗakina, ko muryarta bai cika ji ba, don in ya shigo gida ɗaki take shigewa, sai dai a kai mata gaisuwa a dawo da amsa. Ni kuma wannan ladabin yana yi mini daɗi ƙwarai. Ban taɓa tunanin yana da tsada ba.

Na ce ya raka ni shagon kayan gyara. Mai shagon ya fito da iri biyu. Ɗaya ƙarami ne, fari ƙal, yana walƙiya, bakunansa sirara. Ɗayan baƙi ne, babba, ba shi da kyan gani, amma bakunansa masu faɗi ne, a cikinsa akwai raga da soson ƙarfe masu tare mai, a ƙasansa kuma akwai ɗan famfon zubarwa. Idona ya tafi kan farin.

Surukina ya ɗauki baƙin, ya juya shi a hannu, ya ce a hankali, "Baba, wannan ma yana da kyau."

Na ce, "Wannan tukunyar? Ina zan sa ta, a kan cinyata?"

Mai shagon ya yi dariya. Surukina ya yi murmushi, ya ajiye. Da muka zo fita ya sake taɓa shi, ya ce, "Bakinsa dai da faɗi, Baba." Na ce na gani. Daga nan bai ƙara ba.

Yau na san cewa a bakin mutum irinsa wannan maganar ihu ce. A ranar ban ji komai ba sai ra'ayin yaro.

Farin na saya, a garejin surukina na ɗaura shi, da hannuna. Ya ce, "Baba, ko in kama maka?" Na ce ya je ya ji da masu jiransa. Bakin gwangwanin ya yi wa tiyon motar ƙanƙanta, sai na samo wani siririn tiyo na cusa, na lanƙwasa shi ya zagaya bayan injin, na ɗaure da waya. Yana tsugune a gefe yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur, ƙarfen da na lura ya daɗe da fita tas. Na tayar da mota, ta yi ƙara lafiya lau. Na ce, "Ka gani?" Ya ce, "Allah ya sa albarka, Baba."

Ba a jima ba ranar da asibiti suka ba mai ɗakina ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata ido ɗaya, za a yi mata aiki a Kaduna. A shekarun nan ba a shiga dajin da ke hanyar Kaduna yadda aka ga dama, saboda 'yan fashi. Motoci sukan taru da safe a jera, a tafi tare da rakiya, kuma kowane direba ya san doka ɗaya: duk abin da zai same ka, kada ya same ka a tsakiyar daji. Ga shi ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi a gefen hanya.

Muna cikin layi sai ga surukina da wani buhu a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana da sayayyar kayan aiki a Kaduna, ko akwai wuri. Na yi mamaki, don tasha cike take da motoci, kuma mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukarsa ne yake neman zama mota ɗaya da ita. Mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen taga. Shi kuma ya shige can baya ya takure, buhun a kan ƙafarsa.

Mun yi nisa, mun wuce inda ake ganin gonaki, mun shiga inda babu komai sai itatuwa, sai na fara jin ƙauri. Kafin in gama tantama hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet, fitilar mai ta kawo ja. Na gangara gefe. Motocin bayanmu suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, ni ma na sha wuce wasu. Wani tsohon abokin aikina ne kawai ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Na ce ya je, ga mu nan. Ƙarar motarsa ta ɓace, daji ya yi tsit. Babu abin da nake ji sai kukan tsuntsaye da salatin mai ɗakina ƙasa-ƙasa.

Na buɗe bonet. Siririn tiyon nan ya yi laushi da zafi ya naɗe, ya toshe. Tururin ya rasa hanya, ya turo sandar gwajin mai waje, mai ya fantsama a kan salansa, wato bututun hayaƙi, yana ƙonewa. Na tsaya ina kallo.

Ban ji fitowar surukina ba. Sai dai na ga ya zazzage buhun a ƙasa: baƙin gwangwanin nan, da tiyo mai kauri wanda aka riga aka yanka daidai tsawonsa, da maɗaurai, da galan na baƙin mai, da tsumma. Har ƙarfen da zai riƙe gwangwanin ya riga ya lanƙwasa ya huda. Babu wata sayayya a Kaduna. Tun ranar da na ɗaura nawa ya auna komai da ido.

Ya ce, "Baba, ko za ka riƙe mini nan?"

Na riƙe. Ya cire nawa, ya ɗaura baƙin a tsaye nesa da salansa, ya bi da tiyon ta hanyar da babu lanƙwasa, ya ɗaure bakunan tam. Ya goge man da ya zuba, ya ƙara wani, ya mayar da sandar. Zafin injin ya ƙona masa bayan hannu, na ga fatar ta tashi, bai ko tsaya dubawa ba. Ya ce in tayar. Ta tashi, fitilar ta mutu.

Mun kama hanya har muka hango ƙurar motocin da suka wuce mu. A nan na sauke numfashi. Na dube shi ta madubi na ce, "Ashe ka sani."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Naka ɗin ma mai kyau ne, Baba. Injin ne ya fi ƙarfinsa."

Mai ɗakina, fuskarta har yanzu a rufe, ta ce, "Malam, ni mai ido ɗaya na ga yaron nan yana da magana tun a tasha. Kai mai biyu fa?" Sannan ta ce, "Ka ce masa Allah ya yi masa albarka." Yana jin ta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu biyu ba, amma sai da na juya na faɗa masa, shi kuma ya ce in ce mata amin.

An yi aikin ido lafiya. Motar na sayar da ita daga baya, da baƙin gwangwanin a jikinta. Tabon ƙunar yana nan a hannunsa, ina ganinsa duk lokacin da ya zo gaishe ni.

Abin da na koya shi ne, wanda yake jin kunyarka ba zai ce maka ka yi kuskure ba. Iyakarsa ya ce wancan ma yana da kyau, kuma aikin babba ne ya ji sauran. Yanzu in na yanke shawara a gida, na ji wani daga cikin yaran ya ce, "Baba, wannan ma," sai in ajiye abin da ke hannuna in ce ya matso ya ƙarasa.