Jarkar da Ba a Huda Ba

A kurɓa ta biyu na ji harshena ya yi nauyi, ga warin maganin ƙwari a ruwan jarkar da nake sha. A kasuwar Goronyo na sayi jarkar, na wanke ta da toka sau uku.

Ma'aikatan gona sun taɓa roƙon masu sayar da maganin su riƙa huda jarkunan da suka ƙare. Roƙo ne, ba doka ba, kuma hudajjiyar jarka ba ta sayuwa.

Daga gonar albasa Baba ya kai ni asibitin Wurno a babur, miyau na zuba.

"Mi kinka sha, ɗiyata?" in ji malamar asibiti. Na kasa magana, Baba ya miƙa mata jarkar.

Sai bayan la'asar ta ce, "Kin tsira."