Sahu a Ƙarƙashin Tagata

Na haihu a tsakiyar kullen annoba, mijina yana kwance a wani asibitin daban da na'ura a hanci. Direban bas ne, a hanyar Old Kent Road ya kwaso cutar, don su ba a ce su zauna gida ba. Mahaifiyata da za ta zo ta yi mini wankan jego tana Kano da biza a hannu, babu jirgi. Haka na koma benenmu na Abbey Wood, daga ni sai jaririya.

Matan masallacinmu sun samu wani tallafi da aka ware wa baƙaƙen fata masu ciki da masu goyo, suka zuba shi a tukunya. Kullum da safe sai in ji ƙwanƙwasa. In na buɗe babu kowa, sai fulas ɗin kunun kanwa da kwanon farfesu, wani lokaci da ƙunzugu da busasshen ganyen darbejiya. Doguwar barandar fayau, ƙofar lif tana rufuwa a hankali. Ni kuwa da rashin godiya har tsaki nake yi, kunun ya yi tsululu, kanwar ta yi yawa. Amma tas nake shanyewa. Shugabarsu wata dattijuwa ce 'yar Kumasi da muke kira Hajiya, ita ma muryarta kawai nake ji a waya.

Unguwar ta mutu murus. Motocin bas suna wucewa da fitilu a kunne babu fasinja ko ɗaya, dila tana yawo da rana tsaka a wurin ajiye motoci kamar gidan ubanta. Nas takan kira ni da la'asar ta faɗi yadda mijina ya yini. Ran nan la'asar ta wuce, magariba ta wuce, ba ta kira ba. Na kira, ba a ɗauka ba.

Mu a wurinmu ba a gaya wa mai jego mutuwa a waya. Zuwa ake yi, a zauna, a yi ta kewaye-kewaye har ta gane da kanta. Na san wannan tun ina yarinya, na ga an yi wa yayata.

Washegari babu ƙwanƙwasa. Na leƙa taga bayan gari ya waye, sai na ga maza a wurin ajiye motoci, cikin fararen kaya, kowa da takunkumi, sun ja sahu da tazara mai faɗi a tsakaninsu. Liman yana gaba. Ba ruku'u, ba sujada, ba mai motsi. Can gefe mata sun tsaya cikin mayafi, duk sun ɗaga kai suna kallon tagata. Salla ɗaya na sani da ake yi a tsaye ƙyam haka. Na duba gaban liman ina neman makara, wata farar mota ta tare mini wurin.

Ban yi kuka ba. Zamewa na yi na zauna a ƙasa, jaririyar tana ta tsotson hannunta. Waya ta yi ƙara, na ga Hajiya ce, na ƙi ɗauka. Tsoro nake ji, ina ganin muddin ban ɗauka ba yana nan da ransa. Sai da ta sake kira na danna.

Ta ce, "Ɗiyata, buɗe window mana, sanyi na kashe mu. Police za su zo su kore mu."

Na ce, "Hajiya, ku faɗa mini kawai. Ya rasu?"

Ta ce, "Subhanallahi. Yau suna fa. Mun yi shiru ne don neighbours. Da ransa, liman ya yi magana da ward ɗinsa na asibiti da asuba."

Na manta ranar sam. Na miƙe da kyar, na naɗe yarinyar a tawul, na buɗe taga. Liman bai ɗaga murya ba, ta wayar Hajiya na ji ya raɗa sunan, maza suka shafa fatiha a kan takunkumansu. Wata mata ta fara guɗa, ta haɗiye ta a rabi.

Na tambayi Hajiya wa ya zaɓi sunan, tunda ni ba a tambaye ni ba, uban kuma bai san inda kansa yake ba. Ta ce shi ne. Ya kira liman tun ranar da aka kwantar da shi, kafin numfashin ya gagare shi, ya ba da sunan namiji da na mace. Ya ce ko yana nan ko ba ya nan, kada a ɗaga ranar, kuma kada a bar ni ni kaɗai. A nan ne kukan ya zo, ina tsaye a taga, mutane suna watsewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya gaisa da wani.